Abin da Na Rufe a Gindin Aduwa

Tun da muka dawo daga Kano ban samu sakat ba. A bakin rijiya, a gidan suna, har a wurin zaman makoki, sai wata ta matso ta ce, "Iya Dije, yaya Kanon? Me suka ce da jikin Sa'ade?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowace ta tafi da nata guntun ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zaunar da malamar lakwal, wato makarantar bokon garinmu, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada kuma ta rage mini laifina, don akwai shi a ciki.

Wanda bai san ni ba, ni ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu, gabas da Dungas, ni ce kuma mai rufe mabiyiya in an haihu. Wurin kakata na gaji aikin. Abin da ta koya mini shi ne, duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, ƙasa ce suturarsa. Ba a barinsa a sarari, ba a yawo da shi.

Sa'ade matar ɗana ce na biyu, Habu, uwar ƴaƴa huɗu. Bayan an gama ɗaurin gero ƙullutu ya fito mata a nonon hagu. Habu yana ci-rani a Agadas, don haka ni na raka ta Damagaram, aka yi mata aiki aka cire. Tana kwance maganin barci bai sake ta ba, wani ma'aikacin asibiti ya miƙo mini ƴar roba mai murfi, an naɗe bakinta da filasta, da wata takarda rubutun faransanci. Ya ce, "Iya, wannan shi ne abin da aka cire. A kai shi analis, wato gwaji, ko Yamai ko Kano. Sakamakon ne zai faɗi abin da za a yi gaba."

Na ji shi sarai. Kada wata ta yi mini uzuri ta ce ban gane ba. Na duba robar na ga naman surukata yana lilo a cikin ruwa, na ce a raina, matar ɗana, musulma, a ɗauki tsokar nononta gari-gari maza suna leƙawa? An cire ciwo, ya fita, me ya saura? Da muka koma gida na ɗauki ƴar fartanyata na tafi bayan shinge, gindin aduwa. Na so in buɗe in zubar da ruwan in naɗe naman a ƙyalle yadda ya dace, amma ina ɗaga murfin wani wari ya bugi idona sai hawaye. Na mayar na rufe, na binne shi da robarsa da takardarsa. Da Sa'ade ta tambaye ni zancen analis, na ce, "An gama da wannan." Suruka ba ta maimaita wa uwar miji tambaya.

Wata biyar muka yi lafiya. Ana tsakiyar zafin bazara na lura tana daka da hannu ɗaya. Na kira ta ɗaki na ce ta ɗaga hannu. Kaluluwa ce a hammata, tauri kamar ƙwallon magarya, ba ta zafi. Na wanke mata da yawa, na san irin wadda ba ta zafi.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Dungas, ya tura mu Magarya. Likitan can ya taɓa, ya duba tabon, ya ce, "Ina sakamakon analis?" Sa'ade ta juyo ta dube ni. Na ce, "Likita, babu. Na rufe shi." Ya ajiye abin rubutunsa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce ciwon daji sunansa ɗaya amma halinsa ba ɗaya ba ne, kuma a jikin wannan naman ake karanta halin. Ya tambaya ko da ruwansa na rufe shi. Na ce har da murfinsa. Ya ce, "To je ki tono. Ban yi miki alkawarin zai karantu ba, amma ku tafi da shi. Kano ta fi muku kusa."

A kan hanyar komawa Sa'ade ba ta nuna mini fushi ba. Ta ba ni ruwa, ta riƙe mini takalmi da za mu hau kabu-kabu. Amma maganar nan ba ta taɓa ta ba, ni ma ban taɓa ba.

Shekaruna duka ina rufewa, ban taɓa tonowa ba sai ranar nan. Da hantsi na yi shi, ban ɓoye ba, maƙwabta suna leƙe ta shinge. Robar tana nan yadda na sa ta, sai dai gara ta cinye rabin takardar. Na goge ƙasar, na naɗe a tsohon zane, na sa a ƙasan bokiti, na ɗora daddawa da ƙuli-ƙuli a sama, tsarabar Binta, ƴar yayana marigayi, wadda ke aure a Kano, inda za mu sauka. Yara muka bar wa ƙanwar Sa'ade. Habu ya ce a waya zai taho, na ce ya zauna inda yake, hannunsa a can ya fi mana amfani da ƙafarsa a nan.

Daga Magarya muka shiga motar Kano, irin wadda ake cusa mutum a kan mutum. Kusa da ni wata ƴar kasuwa ce mai faɗin jiki da faɗin baki, Hajiya Talatu, tana kai dabino da kilishi. Tun ba a tashi ba ta sa ido a kan bokitina.

"Iya, ki ba yaron mota ya ɗora a sama mana. Zinariya ce?"

"A cinyata zai tafi."

"Zuma ce, na rantse. Tsofaffin Dungas da ɓoyon zuma! Ko ɗan yatsa ba za a ba mu mu lasa ba?"

Bayan garin Tinkim mota ta faɗa wani rami, muka yi sama muka dawo. Jim kaɗan na gaba ya fara murza ido, sai na kusa da shi. Direba ya ce wa ya shigo masa da maganin ƙwari. Murfin robar ne ya ɗan sassauta. Na sa aka tsaya, na sauka gefen hanya na ba mutane baya, na matse shi na ƙara ɗaurewa da leda. Daddawar da ƙuli-ƙulin suka tafi a banza, na tona rami da dutse na rufe su don kada akuyar wani ta ci. Hajiya Talatu ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan zumar taki, Iya, ƙudan da suka yi ta ba su da imani." Mota ta ɗauki dariya. Sa'ade tana kallon waje.

A iyaka, na ɓangarenmu suka duba dantite, katin shaidarmu, suka sallame mu. Da muka tsallaka garin Babban Mutum sai wani ma'aikaci dogo ya ce kowa ya sauko da kayansa. Ya zo kaina ya nuna bokiti da sanda.

"Mama, mene ne a nan?"

"Kayan asibiti."

"Buɗe."

Na ce ba a buɗe shi a gaban jama'a. Ya ce a nan shi ke faɗin abin da ake buɗewa. Na miƙa masa takardar da likitan Magarya ya ba mu, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce shi ba ya jin faransanci. Mutane suka taru. Na riƙe bokitin da hannu biyu, na riga na ƙudurta sai dai ya haɗa da ni. Sai na ji muryar Sa'ade a bayana, a hankali:

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Daga jikina aka cire. In sai ka ga wurin da aka cire shi, a kira mini mace."

Ya dube ta, ya sauke sandar. Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, baiwar Allah. Ku wuce." Daga nan har Kano Hajiya Talatu ba ta sake wasa ba. A Babura ta sayo ruwa mai sanyi ta miƙa wa Sa'ade, ta kuma ce yaron mota ya koma baya a ba ta wurin miƙe ƙafa. Da za mu rabu ta cusa mana kilishi a jaka, ta ce, "Iya, ki yafe mini bakina."

Binta ta tare mu a tasha. Gidan da take ciki gidan haya ne, ɗakuna a jere, kowace ƙofa da kwaɗonta. Kwana uku na yi kafin in gane ita da maƙwabciyarta ba gaba suke yi ba, haka gaisuwarsu take: "Ina kwana, lafiya," an wuce. Mu da za mu tambayi gajiya da yara da dabbobi da zafi kafin a zo kan magana. Ruwa a kura ake kawo shi a saya. Fura kuwa inji ke dama ta, a zuba ƙanƙara, ta yi santsi kamar kunun jarirai, ba ka jin gero a haƙori. Shinkafa safe, shinkafa rana. Na ce da Binta ta nemo mini gero da turmi, ta ce turmi sai gida na uku, kuma sai an yi sallama da waya. Kowa kuma Hajiya yake kirana. Na gyara wa mutum biyar na ce ban je ba tukuna, na shida na ƙyale shi. Amma ba zan ci amanarsu ba: maƙwabciyar nan mai gajeruwar gaisuwa, da ta ji abin da ya kawo mu, kullum sai ta aiko wa Sa'ade farfesu, ba ta taɓa shigowa ta zauna a yi mata godiya ba.

Asibitin kuwa shi kansa gari ne guda. Ba a ganin likita don ka tsufa ko don an san ubanka, sai da kati da lamba. A kan benci muka zauna da wata mata daga wajen Gumel, Mariya, ba ta kai Sa'ade shekaru ba, ita ma nono ne. Ita ta koya mana wace taga ake fara zuwa, wace ƙofa ba a ƙwanƙwasawa. Tana ta ba Sa'ade labarin ɗinkin da take yi, ta ce in sun warke za ta ɗinka musu riga iri ɗaya mai aljihu a wurin da aka rage musu.

Likitar da ta gan mu mace ce, ƙarama, da gilashi. Ta karɓi robar ta duba ragowar takardar, ta tambayi watan da aka yi aikin. Da na faɗa ta ce, "Ina ya zauna duk tsawon nan?" Na ce, "A ƙasa. Ni na sa shi." Ta gyara gilashinta ta ce za su gwada, amma za ta sa allura ta ɗebi kaɗan daga kaluluwar, don naman da ya daɗe a ruwan nan alamominsa kan dushe.

Na ce, "Wace alama kuma?"

Ta ce ƙwayoyin ciwon suna ɗauke da shaida a jikinsu, kamar yadda ake yi wa dabba shaida a kunne. Wata shaidar tana nuna ciwon yana cin abincinsa ne daga wani sinadari da jikin mace ke yi, irin wannan ana iya toshe masa baki da ƙwaya. Wata tana nuna mai gudu ne, amma yana da allurarsa ta daban. Akwai kuma wadda ke nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin hayayyafa. In aka haɗa su da girman ƙullutun da inda ya kai, sai a san irin maganin da zai ji, a kuma yi kirdadon yadda zai tafi.

Na ce, "Ƴata, kina nufin ke za ki faɗa mana ranarta?"

Ta ce, "A'a, Mama. Rana ta Allah ce. Ni hali nake dubawa, mai sauri ne ko mai nawa."

Na ce, "To ai gero da maiwa ke nan." Ta ce ba abu ɗaya ba ne? Na dube ta da kyau. Mace da karatu har haka ba ta san gero da maiwa ba. Na ce mata rana ɗaya za a shuka su, tsironsu kusan ɗaya, amma gero ya nuna an yanke an ci, maiwa tana tsaye tana jiran raɓa. Manomin da bai san wanne ya zuba a rami ba, bai san yaushe zai wasa lauje ba. Ta ce, "Mama, ki ba ni aron wannan, zan riƙa faɗa wa mutane." Na ce ta ɗauka.

Kwana goma sha tara muka jira. Ban iya zaman banza ba, na tsince wa Binta wake, na koya wa ƴaƴanta gaisuwa. Sa'ade tana zaune a tabarma tana kitsa wa ƙaramar ƴar Binta kai da hannu ɗaya da rabi. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, abin da a gida ba ya faruwa tsakanin suruka da uwar miji. Duk da haka maganar aduwa tana nan tsakaninmu ba wanda ya ɗaga ta.

Ranar sakamako Mariya ta riga mu shiga. Ta daɗe. Da ta fito ta zauna kusa da Sa'ade ta ce nata ba shi da shaidar ko ɗaya, babu inda ƙwaya za ta kama shi, kuma mai sauri ne, za a fara mata ƙarin ruwa mai ƙarfi a satin nan. Ta faɗe shi kamar mai faɗin farashin atamfa. Sannan ta ce, "Ki shiga, ƙawata, Allah ya sa naki ya fi nawa kunya." Har muka baro Kano ban sake ganinta ba. Wadda ta karanta wannan ta sa ta a addu'a.

Likitar ta kai mu wani ɗaki inda wani dattijo ke zaune gaban na'urar da ke girmama ƙaramin abu. Ta ce in sa ido. Ya ɗora gilashi na farko, na naman da na rufe. Na ga abu fari-fari da shuɗi-shuɗi, kamar zanen da ya sha wanki. Ta ce wannan ya tabbatar ciwon daji ne, amma shaidar ba ta fito ba, kuma ba za su iya rantsewa ko babu ita ne ko dushewa ta yi ba. Ya ɗora na biyu, na kaluluwar. Nan na ga ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa sun cika wurin, kamar an watsa garin goro.

Ta ce, "Wannan launin shi muke nema. Nata yana cin abinci daga jikinta, ƙwaya za ta kama shi. Kuma ba mai yawan hayayyafa ba ne." Ta dubi Sa'ade. "Maiwa ce."

Sa'ade ta rufe fuska da mayafi. Likitar ta bari ta natsu, sannan ta ce kada mu tafi da rabin magana. Ya riga ya taka zuwa hammata. Sai an sake aiki, sai an yi ƙarin ruwa, wataƙila da gashi, wato a gasa wurin da inji, sannan ƙwaya kullum shekara da shekaru, ba fashi ko ranar da ta ji garau. Ta ce shaida mai kyau ba takardar warkewa ba ce, akwai masu irin ta da ya dawo musu, akwai da yawa da suka aurar da ƴaƴansu.

Na ce Sa'ade ta jira ni a waje. Na tsaya gaban likitar na ce, "Ki faɗa mini ba kwana-kwana. Wata biyar ɗin nan da na ci mata, su suka kai shi hammata?"

Ta ce, "Mai yiwuwa yana can tun kafin aikin farko, ƙarami, ba a ji shi ba. Mai yiwuwa kuma a watannin ne ya taka. Da an fara magani da wuri, da ya fi. Amma nawa ne naki a ciki, Mama, ba mu da gwajin da ke auna wannan."

Na so ta ce mini babu komai, ko ta ce mini ni ce. Ko wanne da na san inda zan ajiye shi. Ba ta ba ni ko ɗaya ba, kuma na girmama ta a kan haka.

Na tambayi ragowar naman. Ta ce sun daskarar da ɗan yanki a cikin kaki, za su ajiye da lambar Sa'ade, don wata rana ana iya bukatar a sake tambayarsa. Na buɗe baki zan yi magana irin tawa, na rufe. Na ce su ajiye.

An yi aikin na biyu a can, aka fara ƙarin ruwan, aka rubuta mana yadda za a ci gaba. Muka kamo hanyar gida an yi ruwan farko, ko'ina mutane sun duƙa suna shuka. A iyaka ba mu tarar da dogon nan ba. Bokitin babu komai sai magunguna da sabulun da Binta ta ba mu.

Daga Dungas amalanken maƙwabcinmu ya ɗauko mu. Sa'ade ta rame, gashinta ya fara zuba a ƙarƙashin ɗankwali. Da muka zo bayan shingenmu ta ce a tsaya, ta sauka a hankali ta nufi aduwar. Na bi ta. Ramin yana nan ban cike shi ba, ruwan sama ya taru a ciki. Muka tsaya a kansa mu biyu.

Na ce, "Sa'ade, na cuce ki. Ban tambaye ki ba."

Ban taɓa faɗa wa wanda na girma irin wannan maganar ba. Ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ce, "Na san sutura kika yi mini, Iya. Na yi fushi har Babura. Daga nan na gaji."

Ta tura ƙasa da gefen takalminta cikin ramin, ni ma na tura. Sai ta ce, ba ta dube ni ba, "In ranar ta zo, ko kusa ko nesa, ke nake so ki yi mini wanka. Ba wadda ta kai ki tsabta."

Na ce ta bar wannan zancen, ni zan riga ta.

Ta ce, "Ba a sani ba. Sai dai ina roƙon abu ɗaya." Ta ɗago, na ga bakinta yana rawa, ban gane kuka ba ne ko dariya. "Wannan karon, kafin ki rufe, ki bari likita ya duba tukuna."